Ki Je Ki Aro Rariya

Jikata,

Tun ranar Laraba da na baro gidanki magana ɗaya ke yi mini kai-kawo a rai, har barcina ya ragu. Na so in faɗa miki a can, amma ga ƙanwar mijinki zaune, kuma ba a yi wa matar gida faɗa a gaban dangin miji, ko da faɗan na ƙauna ne. Na so in kira ki a waya, sai na tuna maganar waya iska ce, kina ajiyewa ta wuce. Shi ya sa na aika aka sayo mini takarda, nake zama bayan sallar walaha ina rubutawa kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda idona zai iya.

Gidanki ya yi kyau, Allah Ya sa albarka, Ya sa gidan zamanki ne. Mai adaidaita sahu ya sha wuya kafin ya gane layin, don can wajen Ɗanbare gidajen duk kama ɗaya gare su: doguwar katanga, waya mai ƙaya a samanta, baƙin ƙyauren ƙarfe a rufe. Muka so mu yi tambaya, babu wanda za a tambaya. Babu zaure, babu dakali, babu dattijo ko ɗaya a ƙofar gida. Da na shiga kika zaga da ni, kika nuna mini tukunyar gas da firji, da tankin ruwa a sama, da farantan sola a kan rufi. Na ji daɗi har raina, don ban haifi uwarki domin 'yarta ta sha irin hayaƙin da na sha ba. Sai na tambaye ki su wane ne a benen da ke jikin gidanku ta gabas, wanda na hango shanyar kayan jariri a barandarsa. Kika ce ba ki sani ba. Wata uku ke nan da tarewarki. Kika ƙara da cewa, kina murmushi, "Ai Hajiya ni ba ruwana da kowa, babu abin da nake nema a gidan wani."

Na san da kyakkyawar niyya kika faɗa. Daren da za a kai ki an ja miki kunne: ban da yawon gidaje, ban da kwashe-kwashen ƙawaye, ban da tsegumi. Ni ma ina cikin masu ja miki kunnen, kuma ban janye ko ɗaya ba. Amma maganar nan taki ta faɗar mini da gaba, domin irinta na taɓa yi ina amarya, kuma da Allah bai haɗa ni da wata tsohuwa ba, da ita zan rayu har ta cuce ni.

A 1969 aka kai ni gidan kakanku, ina da shekara sha shida, yaƙin basasa bai ƙare ba tukuna. Gidan ƙasa ne a cikin birni, soro da azara, in kin tsaya a tsakar gida kina hango Dutsen Dala. Tsakaninmu da gidan yamma akwai wata 'yar kafa a jikin katanga, wadda mace za ta bi in ta sunkuya, an rataya mata tsohon asabari. Mu matan kulle ne, ba ma fita sai da dare sai kuma da dalili, saboda haka kafar nan ita ce titinmu. Ta nan ake miƙo jariri in uwarsa za ta shiga wanka. Ta nan ake ɗiban wuta da sassafe, yarinya ta zo da tsingaro a sa mata garwashi biyu ta koma da gudu tana hurawa. Akwai ashana a kasuwa fa, ba wai babu ba ce, amma ban taɓa jin an ce wata ta kunna ashana alhali maƙwabciyarta ta riga ta hura wuta ba.

Iyayena sun yi mini kaya daidai ƙarfinsu, har ma sun wuce. An jera mini langa da fanteka da tasoshi har kusa da rufi, an kawo gara da buhun gero, da man shanu, da daddawa, da gishiri, ga alkaki da nakiya. Na zauna a ɗakina ina kallon jerena, ina jin babu abin da zai kai ni ƙofar wata.

Matar gidan yamma tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyada. Kowa Iya yake ce mata, ni ma haka na taras. Ban yi sati biyu da tarewa ba sai ga jikarta ta ɗaga asabari ta shigo, ta durƙusa, ta ce, "Wai in ji Iya ki ara mata rariya." Na bayar. Kafin la'asar aka dawo da ita, da ƙuli-ƙuli biyar a ciki. Bayan kwana biyu, wai a ara mata faifai. Gobe a sam mata gishiri, jibi a sam mata kanwa, wani satin a ranta mata gero mudu guda sai ranar Juma'a. Tana biya kuwa, ranar da ta ce ba ta wucewa, kuma abin da aka ara bai taɓa dawowa wayam ba. Duk da haka abin ya fara isata. Na ce wa facalata, matar wan kakanku, wannan tsohuwa ba ta da aiki sai aike, sai ka ce ni aka kawo wa unguwa gara. Facalata ta dube ni ta ce, "Ke dai ki bayar." Ba ta ƙara komai ba.

Ran nan Iya ta kwanta ciwon ƙafa, surukata ta ce in bi ta kafa in duba ta. Na dama kunu na kai mata. Ta ce in shiga ɗakin ajiyarta in ɗauko mata man zafi a kan taga. Ina shiga idona ya sauka a kan rariya har uku a rataye jikin bango, ɗaya ma sabuwa fil. Ga faifai a jere, ga gishiri cike da wata 'yar tukunya, ga gero a buhu ya fi rabi. Na tsaya riƙe da kwalbar man, raina ya ɓaci. Yarinta ba ta bar ni na haɗiye ba, ina fitowa na ce, "Iya, ashe kina da rariya."

Ta yi dariya har tana riƙe ƙafar. Sannan ta kama hannuna ta zaunar da ni a bakin gado, ta ce, "Yarinya, ke baƙuwa ce, kuma tun ranar da aka kawo ki na ga kina da kunya, kina da zuciya. Irinku ne yunwa ke kashewa a ɗaki ƙofa a rufe. In ban fara miƙo miki hannuna ba, yaushe za ki iya miƙo mini naki? Hanya nake takawa tsakanina da ke, kada ciyawa ta rufe ta."

Na ji maganar, amma a lokacin kunnena kawai ta shiga. Sai bayan shekara huɗu ta isa zuciyata.

Daminar 1972 ta yi ƙaranci, ta 1973 kuwa ta fi ta muni. A farkon shekarar ne aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, mutane suna ta lissafin sule ɗaya kwabo goma ne, kafin su gama sabawa da sabon kuɗin hatsi ya yi tashin da kuɗin ma ba ya kamo shi. Fari ya cinye arewa. Mutane suka dinga gangarowa Kano daga wajen Damagaram da Agadas, Buzaye da aka san su da raƙuma suka zo a ƙasa, dabbobinsu sun ƙare. Akwai wata mata da 'ya'yanta biyu da suka yi kusan wata suna kwana a zaurenmu, ba ma jin yaren juna sosai. Kakanku awon gyada yake yi wa wani attajiri, irin gyadar da ake tarawa dala-dala a buhuna kafin jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Ikko. Da gyada ta ƙi, awo ya tsaya. Ba ta sake komawa yadda take ba ma, don a 1975 cuta ta faɗa mata ta ƙarasa abin da fari ya rage.

Lokacin gidan ya rage daga ni sai kakanku da yara biyu, surukata ta rasu, su facalata sun koma Gusau. Na fara miƙa wa dillaliya tasoshina ɗaya bayan ɗaya, da dare, in ce kada ta faɗi mai su. Jeren nan da nake alfahari da shi ya dinga zaizayewa daga sama, har bango ya fito fili. Kakanku yakan fita tun asuba, ba ya dawowa sai yara sun yi barci, don kada su tare shi da ido hannunsa babu komai. Aka kai ranar da babu abin da zan zuba a turmi. Na jiƙa ƙanzon da na tara na ba yara, ni na sha ruwan. Washegari ma haka. Ga goyo ina shayarwa. Kafar nan tana nan, taku goma daga ƙofar ɗakina, na dube ta ya fi sau ashirin, ƙafata ta ƙi zuwa.

A rana ta uku, gari bai gama wayewa ba, na ji motsin asabari. Jikar Iya ce, ɗauke da ƙwarya an rufe da faifai, tana tafe tana nishi don nauyi. Ta sauke a gabana ta durƙusa, ta ce, "Wai in ji Iya ga geron da kika ranta mata, ta ce ki yi haƙuri ya daɗe."

Ba na bin Iya ko tsaba ɗaya. Duk mudun da ta taɓa ranta ta biya tun shekarun baya, ita ta sani, ni na sani. Na ɗaga faifan. Gero ne ya fi tiya uku, a kansa an ɗora ƙullin kuka, da daddawa, da 'yar kwalbar man gyada an toshe bakinta da tsumma. Na rasa abin da zan ce. Da sadaka ta aiko, wallahi da zuciyar nan tawa za ta iya sa in mayar, in ce muna da shi. Amma wa yake mayar da biyan bashi? Na ce wa yarinyar ta ce na gode, na ga saƙo. Tana fita na kifa kaina a kan ƙwaryar na yi kukan da ban yi ba tun da aka fara farin.

Da dare kakanku ya dawo ya tarar da tuwo da miyar kuka. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce daga ina. Na ce bashi aka biya ni. Ya wanke hannu ya ci, kansa a ɗage. Ki lura da wannan, jikata. Ba cikinmu kaɗai tsohuwar nan ta cika ba, ta tsare wa maigidana mutuncinsa a gaban matarsa, ta tsare mini nawa a gaban unguwa. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa. Daga baya ne jikar tata take gaya mini yadda ta gane: kwana biyu ba ta ji dakan gidanmu ba. Ta san sautin taɓaryata, ta san lokacin da nake surfe da lokacin da nake ribɗi, shirun turmina ne ya kai mata labari. Kuma kada ki ɗauka daga yalwa ta ɗiba. Mai sana'ar ƙuli a shekarar da gyada ta ƙi, kin san halin da take ciki. Ta rasu a 1976, 'yan watanni bayan an kashe Murtala, ban taɓa samun abin da na saka mata da shi ba. Har gobe in na yi wa iyayena addu'a sai na haɗa da ita.

To kin ji abin da ya sa kalmar "babu abin da nake nema a gidan wani" take ba ni tsoro. Na san ke mai kyauta ce, tun kina ƙarama ba kya iya cin abu ke kaɗai. Amma wadda kullum ita ce mai bayarwa, ba ta taɓa karɓa, a hankali takan mayar da maƙwabtanta mabarata a ƙofarta ba tare da ta sani ba. Masu zuciya a cikinsu sai su janye, su gwammace su kwana da yunwa da su zo, ya rage sai marasa kunya, ke kuma ki ce ai mutanen unguwar nan ba su da kirki sai roƙo. Kyauta tana da nauyi a wuyan wanda aka ba. In kina so maƙwabciyarki ta iya ɗaukar taki, ki bar ta ita ma ta ɗora miki tata, ko da barkono uku ne. Ranar da kika ce mata "ara mini", kin gaya mata ke ma mutum ce mai bukata, ita ma tana da abin da za ta yi miki. Daga ranar za ta iya shigowa gidanki da ƙafarta ba tare da ta ji ta ƙasƙanta ba.

Kuma a layin nan naku, yadda na ga abubuwa, ke ce za ki zama mai shi. Na ga kangwaye biyu da mutane a ciki, an toshe tagogi da buhu. Na ga yara da jarkoki suna bin mai kura. Ruwan da ke tankinku ki roƙi maigidanki ya fitar da famfo ɗaya ta bayan katanga, ko na awa biyu ne da safe, yadda masu rijiyar burtsatse da yawa suke yi a garin nan. In an ɗauke wuta kwana da kwanaki, cajin wayar maƙwabciya ba zai rage wa solarku komai ba. Azumi in ya faɗo cikin zafi, ƙanƙarar firjinki ta fi wa mai buɗa-baki nama daɗi. Ki yi duk wannan, amma ki yi shi irin na Iya. Kada ki tara yara a ƙofa ki raba musu abu ana kallo, kada a ɗauki hoto, kada ki ba wata labarin abin da kika yi wa wata. Matar da ke cikin kangon nan ma ki nemi abin da za ki nema a wurinta. Wataƙila ta iya dambun da ba ki iya ba, wataƙila ta iya kitso, wataƙila ta san maganin da ake yi wa jariri in haƙori ya dame shi.

Kada kuma ki ce kuɗi sun raba ku da bukatar mutane. Kin ga abin da ya faru a 2020 da aka kulle Kano saboda korona, kowa ya koma sai abin da ke lungunsa. Kin ga farkon 2023 bayan an canja fasalin naira, takardar kuɗi ta ɓace, mutum da dukiyarsa a banki amma ya rasa na sayen kayan miya. A kwanakin nan wanda mai shagon unguwa ya san fuskarsa, ya san gaisuwarsa, shi aka ba bashi. Wanda kullum yake wucewa a mota gilashi a rufe ya tsaya a bakin shago yana bayanin kansa kamar baƙo.

Yanzu bari in gaya miki laifina, don kada ki ɗauka kakarki ta koyi darasin Iya ta riƙe shi har abada. Ban riƙe ba.

Gidan da ke arewa da mu akwai wata mata sa'ata, tare muka yi goyo, tare muke adashi. Suka ɗaga ginin ɗakinsu, aka sa indararo yana zubowa daidai gindin katangarmu. Na yi magana, ta mayar, na mayar, maganar ta yi tsawo har ta taɓo abin da bai shafi indararo ba. Aka kai wa mai unguwa, ya zo ya duba da idonsa, ya ce a juya indararon, aka juya. Gaskiyata ce, kuma an ba ni. Da nan abin ya tsaya da ba ni da abin kunya. Amma sai na ɗauki gaba. Na daina amsa sallamarta, na fita daga adashin, na hana su uwarki shiga gidanta, alhali yaran tun yammacin ranar suka ci gaba da wasansu a waje. Na san malamai sun ce bai halatta a ƙaurace wa juna fiye da kwana uku ba, na sani sarai, na kai shekara da wani abu. Ranar ƙaramar Sallah ta aiko 'yarta da langa cike da tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ce a mayar mata, mun ƙoshi. Ina gani yarinyar ta juya da langar a ka, tana tafe tana waiwaye. Shekara talatin da wani abu ke nan, har yau in na tuna waiwayen yarinyar nan sai na ji kunya ta rufe ni.

Sai ga daminar 1988. Cikin watan Agusta aka yi ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa suka dinga zubewa a cikin gari. Kakanku ya yi tafiya. Cikin dare na ji azara tana ƙara, ƙasa tana zubo mana a ka. Na tattaro yara muka fito tsakar gida, ruwa har gwiwa, ba mu gama fitowa ba ɗakin ya zauna a bayanmu. Duhu, ga tsawa, ga yara suna kuka, na rasa gabas na rasa yamma. Hasken da na fara gani fitilar ƙwai ce, an kare ta da murfin tukunya. Matar da nake gaba da ita ce. Zaninta ya jiƙe sharkaf, ba ko mayafi. Ba ta ce mini komai ba, ta sunkuci autana ta saɓa a kafaɗa, ta kama hannun uwarki, lokacin tana da shekara tara, ta ce, "Ku biyo ni." Mun fi sati biyu a ɗakinta, ta ba ni zaninta na ɗaura, muna ci a kwano ɗaya. Katangar da na yi gabar a kanta kuwa tana nan tsaye, ko tsagewa ba ta yi ba. Ɗakin gabas ne ya faɗi.

A dare na uku na kasa daurewa, na ce ta yafe mini langar nan da na mayar. Ta ce ita ma ta faɗi maganganun da bai kamata ba, mu bar shi. Zo mu zauna, zo mu saɓa, wannan kowa ya sani, ke ma za ki saɓa da wani a layin nan, a kan ruwan wanke-wanke da ya kwararo titi, ko hayaƙin janareta da aka juya wa tagar wani, ko shara, ko faɗan yara. In haƙƙinki ne ki nema ta hannun maigidanki, cikin mutunci, ba a hana ki ba. Abin da nake roƙonki shi ne in an gama maganar ta gamu. Kada ki bar sallama ta mutu tsakaninki da wadda katangarku ɗaya, kuma kome zafin ranki kada ki mayar da kwanon abinci.

Wataƙila in kin ƙwanƙwasa ki tarar matar benen nan ba Bahaushiya ba ce, wataƙila ma ba Musulma ba ce. Kada wannan ya dawo da ke. Kin fi ni karatu, kin san aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa a jere ɗaya da iyaye da marayu, kin haddace hadisin wasiyyar Mala'ika Jibrilu a Islamiyya, kin san wanda aka hori Abu Zarri ya ƙara ruwa a romo saboda maƙwabta. Malamanmu sun ce ko wanda ba addininku ɗaya ba yana da haƙƙin maƙwabtaka. Garin nan ma da baƙi aka gina shi, sunayen unguwanni sun isa shaida: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Duk wani ne ya zo baƙo, wani ya amsa masa sallama. Wannan rubutun da kike karantawa ma albarkacin maƙwabciya ne. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, aka buɗe ajin mata kusa da mu, ina da goyo, babu mai riƙe mini. Wata Bayarabiya da iyayenta suka zo daga Ilori, mai sayar da atamfa a lungunmu, ita take karɓar yaron ta goya shi a bayanta har in dawo, kusan shekara biyu. Da babu ita da har yau dangwale nake yi.

Abin da aka ja miki kunne a kansa yana nan daram. Shiga gidan maƙwabta da izinin maigida ne, kuma a gaisa a fito, ba a shimfiɗa tabarmar hira har rana ta faɗi ba. Sirrin ɗakinki ba kayan aro ba ne. Katanga tana da kunne, za ki ji abubuwa ta samanta, faɗan miji da mata, kukan rashi, mai bin bashi yana ɗaga murya. Abin da kunnenki ya ji ba da izinin masu shi ba amana ce, ko uwarki kada ki kai wa. Iya ta ji shirun turmina, ba ta kai shi bakin rijiya ba, gero ta auna. Sai fa in abin da kika ji cuta ce, ana dukan mace ko ana azabtar da yaro. Wannan ba a rufa masa asiri, ki gaya wa maigidanki ya sami dattawan layin ko mai unguwa. Akwai kuma wadda za ki gane ita ɗaukar magana ce sana'arta. Ki gaishe ta, ki je mata barka da ta'aziyya, ki aika mata naman layya, amma ki tsare bakinki a gabanta. An sa ku a zauren WhatsApp na matan layi, na ji kin faɗa, ba laifi, sai dai waya ba ta jin shirun turmi. Zumunta a ƙafa take.

Saboda haka gobe in Allah Ya kai mu, bayan la'asar, ki nemi izini ki yafa mayafinki ki ƙwanƙwasa ƙofar benen nan. Ki ce ke ce amaryar da ta tare a jikinsu, kin yi laifi da ba ki zo da wuri ba. Ki yi mata barka, ki karɓi jaririn ki riƙe, ki tambayi sunansa. In za ki fito ki ce ta ara miki rariya, taki tana nan a rataye na sani, ni na saya miki ita a Kurmi. Washegari ki mayar da ƙafarki, kada ki aiki kowa, ki zuba mata dubulan a ciki daga wanda ya rage na gararki, na ga sauransa a bokiti a bayan ƙofar kicin.

Ki gaishe mini da maigidan naki, ki ce na gode da kuɗin mota. In Allah Ya ba ni lafiyar ƙafa zan sake zuwa bayan Sallah, kuma in na zo ina so ki kai ni mu gaisa da matar benen nan.

Kakarki.